Na Sassauta Sun Raina Ni, Na Tsananta Sun Yi Gum: Amsa Ga Wata Malamar Lissafi

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yanmata ta gwamnati a cikin birnin Kano, kuma bana na fara aiki. SS2 nake ɗauka, aji uku, kowanne ɗalibansa sun haura 80. A zangon farko na ja su a jiki, ban taɓa dukan kowa ba, makin CA kuwa, wato na gwaje-gwajen cikin zango, ba wadda na ba ƙasa da 20 cikin 30. Abin da suka saka min da shi shi ne surutu da ƙin aikin gida. Wata babbar malama ta ce na yi sake. Ta ce in shiga zango na biyu da bulala, in tsaurara gwajin farko yadda rabin aji za su faɗi, duk wadda ta yi surutu kuma in zaftare mata maki biyar. Haka na yi. Yanzu aji ya yi tsit, amma ba mai tambaya, har wata yarinya da ta fi kowa ɗaga hannu ta daina kallon inda nake tun ranar da na zane ta a tafin hannu saboda hira. Ga wata uwa ta zo tana roƙon in ƙara wa 'yarta maki, mataimakiyar shugaba kuma ta ce in "duba" sakamakon, kada a ga an kayar da yara da yawa. Hajiya, a ina zan tsaya? Ba na son in zama azzaluma, ba na kuma son a mayar da ni abin wasa.

Malama daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da aiki Malama, Allah Ya saka da alheri. Wadda shirun yarinya ɗaya cikin sama da 240 ya hana ta sukuni har ta ɗauki alƙalami, tana da irin zuciyar da aikin nan yake nema. Saura ta san inda za ta sa ƙarfinta.

Abu biyu ne suka cakuɗe miki tun farkon shekara, maki da horo. A zangon farko kin raba maki don yara su so ki, a na biyu kin riƙe shi don su ji tsoronki, duk biyun kuma kin sa shi aikin da ba nasa ba. Ta nan zan fara, don a ganina ya fi maganar bulala nauyi, ko da yake bulalar ce ta fi tsaya miki a rai.

Idan kika rubuta 52 a gaban sunan yarinya, shaida kika bayar. Kin gaya mata, kin gaya wa mahaifinta da zai karɓi katin sakamako, kin gaya wa malamin da zai ɗauke ta a SS3, cewa iyakar abin da ta sani a lissafi ke nan. Mudu ne a hannunki irin na mai awo a Dawanau, kin kuma san abin da Allah Ya faɗa a farkon Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye awo. To duba abin da zaftare maki biyar yake yi. A ma'aunin da makarantunmu ke bi, irin na WAEC, C6, wato mafi ƙanƙantar kiredit, daga 50 yake farawa, D7 kuwa 45 ne zuwa 49. Yarinyar da ta ci 52 da guminta tana da kiredit. Kika cire biyar don ta yi hira da ta kusa da ita ranar Talata, ta koma 47, kiredit ya tafi. Katin zai ce ba ta iya lissafi ba, alhali bakinta ne ba ta iya kamewa ba. Mahaifinta na iya kallon katin ya yanke cewa ba ta da kan karatun kimiyya, a kan shaidar da ba gaskiya ba. Surutu laifi ne, yana da nasa hukuncin, zan zo kansa. Katin ma yana da gurbin da ake rubuta halin ɗaliba, can ne muhallinsa.

Ƙarin da kika yi a zangon farko shi ma cuta ne, har ya fi wancan haɗari don ba mai kuka da shi a lokacin. Ɗauki yarinyar da haƙiƙanin CA ɗinta 12 ne, ta ci 25 cikin 70 a jarrabawa. Jimla 37, F9 ke nan, abin da ya kamata ya tayar da hankalinta da na gidansu tun da sauran lokacin gyara. Kika tausaya kika rubuta mata 25 a CA, ta tashi da 50. Ta yi murna, uwarta ta yi miki addu'a, kowa ya kwanta. Amma ita 'yar SS2 ce a Kano, ga jarrabawar kwalifayin a gabanta, wadda da ita gwamnatin jiha ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Bayanta ga WAEC, ga JAMB, ga sharaɗin kiredit biyar kafin jami'a ta dube ta, wanda a kwasa-kwasai da yawa dole a samu Turanci da lissafi a ciki. Wanda zai duba takardarta a can bai san ta ba, bai san kirkinta ba, bai san mahaifinta ba shi da hali ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma daga irin wannan makin na tausayi ne ake wayar gari yarinya ta isa SS3 ba ta iya haɗa ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku ba, sai hankalin iyaye ya koma ga cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa a allo. Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Makin da aka jiƙa aka rufe da busasshe algus ne, ko da tausayi ne ya kawo shi.

Gwajin da aka shirya da niyyar a kayar da rabin aji shi ma ba ya auna komai sai ikon malama. Yara suna ganewa kuwa. Wadda ta kwana tana bita ta zo ta tarar da tambayoyin da ba a koya mata ba, darasin da za ta ɗauka shi ne karatu da rashinsa duk ɗaya ne, kuma wannan darasin yana da wuyar gogewa.

Ba sai kin ƙirƙiro wa kanki ma'aunin tsanani ba, akwai shi a ajiye. Ki nemi tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, ki tsamo waɗanda suka shafi abin da kika riga kika koyar, ki yi gwaji da irinsu, ki kuma ba da maki yadda masu duba takardun can suke bayarwa. A lissafi suna raba makin hanya da makin amsa. Misali, kin ba su x² − 5x + 6 = 0. Yarinya ta warware shi daidai zuwa (x − 2)(x − 3) = 0, sannan ta rubuta x = −2 ko −3. Ta ci makin hanya, ta rasa na amsa. Mai rabon maki za ta ce ai ta kusa, ta ba ta duka. Mai son a ji tsoronta za ta ja jan biro ta zuba sifili. Ke ki ba ta abin da ta ci, ki zagaye inda alamar ta kuɓuce mata, ki rubuta a gefe: "Mayar da −2 cikin tambayar ki gani ko zai ba ki sifili." Wannan layin ɗaya ya fi mata amfani a kan lambar da ke saman takarda. Kafin gwaji kuma ki nuna musu a allo yadda za ki raba makin, don wadda ta faɗi ta san a ina ta faɗi, ta kuma san ba ƙiyayya ba ce.

Kada ki ji tsoron cewa gaskiyar maki za ta karya musu gwiwa. Wani mai bincike, Seth Gershenson, ya bi sakamakon ɗaliban aljabara a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka na kusan shekara goma, ya wallafa abin da ya gano a 2020. Ɗaliban da malamansu ba sa sayar da maki da arha sun fi cin jarrabawar jiha ta ƙarshen darasin, kuma ribar ta bi su har darussan lissafi na gaba. Yaro yana miƙewa ne gwargwadon inda aka sa masa abin da zai kamo, matuƙar ya ga hannunsa zai iya kaiwa in ya yi ƙoƙari.

Na san za ki ce, Hajiya, littafi 240 fa. Gaskiyarki. Manufar ilimi ta ƙasa ɗalibai 40 ta yanka wa malami ɗaya a babbar sakandare, ke kuwa ninki biyu kike fuskanta a kowane aji, cikin darasin minti 40. Wannan ba laifinki ba ne, kuma ba wanda zai iya duba duk littattafan nan kullum. Saboda haka ki rage yawan aikin, ki ƙara tabbacin dubawa. Tambaya uku da yarinya ta san lallai za a duba sun fi ashirin da ta san ba mai kallo. Da yawansu daga makaranta sai su wuce Islamiyya, daga can sai girki da wanke-wanke, wasu har da talla, dare ya yi ba wuta. Tambaya ashirin a irin wannan gida gayyatar kwafa ce da sassafe kafin asembili. Ki buɗe kowane darasi da tambaya ɗaya daga aikin jiya, a rufe littafi, minti biyar. Wadda ta yi da kanta za ta fito, wadda ta kwafa ma za ta fito, ba tare da kin tuhumi kowa ba. Su yi musayar takardu su duba wa juna kina warwarewa a allo, ke kuma ki karɓi na layi ɗaya kowace rana ki duba da hannunki, ba tare da sun san layin da zai faɗo ba.

Yanzu maganar horo. Babbar malamar nan ba ƙarya ta yi miki duka ba. Kin yi sake a zangon farko. Yara suna gwada sabuwar malama tun makon farko, kuma abin da suke son sani ɗaya ne: in ta faɗi magana, tana cikawa? Kika ce a kawo aiki ranar Laraba, Laraba ta zo rabin aji ba su kawo ba, kika yi murmushi kika ce to gobe. Daga ranar suka san Larabarki ba Laraba ba ce. Rashin duka bai jawo miki raini ba, 'yata, maganar da ba ta da bayanta ce ta jawo. Malamar ta gano ciwon daidai, maganin ne ban yarda da shi ba.

Ki ajiye bulalar nan. Na san abin da za a ce: mu ma an dake mu ga shi mun zama mutane, iyaye ma da kansu suke cewa a zane musu yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na raina masu faɗin haka, da yawansu son yaran ne ya sa su. Amma ki tambayi kanki abin da bulalar ta sayo miki. Ta sayo shiru. A ajin lissafi kuwa, yarinyar da ba za ta iya ɗaga hannu ta ce "Malama ban gane ba" ta riga ta faɗi, don kowane darasi a kan na jiya yake hawa. Wadda ta ɓace a layi na biyu na warware tambaya, in tsoro ya hana ta tsayar da ke, sai dai ta kwafe sauran layukan kamar zane.

Akwai hadisin Mu'awiya ɗan Hakam a cikin Sahihu Muslim, wanda ina ganin ya kamata kowane malami ya haddace shi, don a kan magana a inda bai kamata ba ne, irin laifin 'yan ajinki. Yana sabon shiga Musulunci, ana cikin salla wani ya yi atishawa, ya ce masa "Yarhamukallah". Sahabbai suka zuba masa ido, ya sake magana, suka shiga bugun cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka idar, Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malami kafin Annabi (SAW) ko bayansa da ya fi shi iya koyarwa ba: bai ɗaure masa fuska ba, bai dake shi ba, bai zage shi ba. Sai ya gaya masa cewa ita wannan salla, maganar mutane ba ta dacewa a cikinta. Ki lura, ba a sassauta dokar ko kaɗan ba. Ba a ce masa ba komai ba. An faɗa masa ita a fili, aka bar masa mutuncinsa, ya riƙe ta har ya ruwaito mana.

Malamanmu na da ma da suka halatta ladabtarwa sun ɗaure ta da igiyoyi masu yawa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya a ƙarni na 9 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, inda ya ce kada a wuce bulala uku sai da izinin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kuma ya zama don amfanin yaron ne, ba don huce fushin malami ba. Ki faɗa wa kanki gaskiya, ranar da kika zane yarinyar nan, ranki a ɓace yake ko a kwance? Yawancin dukan da ake yi a aji na mai gajiya ne da mai jin an raina shi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsananta wa masu koyo yana cutar da su. Ya ce wanda aka rena da tilas da matsi nishaɗin ransa yana gushewa, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba, don tsoron hannun da zai kai masa duka. Bayan shekara 600, a 2011, masu bincike biyu, Victoria Talwar da Kang Lee, suka wallafa gwajin da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su kaɗai a ɗaki da abin wasa, aka ce kada su leƙa. Yawancinsu sun leƙa a makarantun biyu, wato dukan bai hana laifin ba. Da aka tambaye su, kusan duk waɗanda suka leƙa a makarantar duka suka musa, suka kuma fi iya riƙe ƙaryar da aka ci gaba da tambaya, a ɗaya makarantar kuwa kaɗan ne sama da rabi suka musa. Kuma naki ba ƙanana ba ne, 'yanmata ne balagaggu, 'yan shekara 16 da 17, waɗanda tozarci a gaban ƙawaye ya fi musu zafin bulalar ciwo. Ko ta fuskar aiki, ƙa'idojin hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, sun hana malami dukan ɗalibi da ra'ayin kansa ba da izinin hukumar makaranta ba. Ranar da tsautsayi ya sa bulala ta sami ido, wadda ta ba ki shawara ba ita za a kira ba.

Haka tsallen kwaɗo da durƙuso a rana da kalmomin "daƙiƙiya" da "jaka". Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Korar yarinya waje ma ki yi ta-ka-tsantsan da ita, don wadda ba ta son lissafi kin ba ta abin da take nema.

Abin da zai maye gurbinsu ba shi da ban mamaki, sai dai yana cin haƙuri. Dokoki kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda za ki iya tsarewa kullum ko kina da gajiya: in ina magana ko wata na amsa tambaya ba mai magana, kowa da littafinta da biro, aikin gida ranar da aka ce, ba a yi wa wadda ta yi kuskure dariya. Ta ƙarshen nan ki fi tsananta ta, ita ce za ta dawo miki da masu tambaya. Sannan kowa ta san abin da zai biyo baya tun kafin ta yi laifi. Ki sa a bar miki hanya ta tsakiyar aji ko da cunkoso. Kina rubutu a allo kika ji ƙus-ƙus a baya, kada ki ɗaga murya. Ki ci gaba da bayani kina tafiya har ki tsaya a gefen bencinsu, ki ƙarasa jimlarki daga nan. Sau da yawa wannan ya isa. In an sake, ki kira sunanta a hankali, sunanta na gaskiya, ba "ke mai baƙin hijabi" ba, shi ya sa haddace sunaye ya zama aikinki na makonnin nan. A karo na uku ta taso ta dawo bencin gaba. In abin ya ci gaba, in an fita tara ta tsaya minti goma ta yi aikin da hira ta hana ta, ki bar mata lokacin da za ta sa wani abu a bakinta. Daga nan sai malamar aji, sai takarda zuwa gida. Matakan ba su da zafi. Ƙarfinsu yana cikin cewa ba sa tsallake kowa, 'yar shugabar makaranta ce ko wadda ta fi kowa ƙoƙari, kuma ba sa canzawa da yanayin fuskarki.

Kada ki hukunta aji duka don laifin mutum biyar. Wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, haka Alƙur'ani ya faɗa, kuma masu natsuwar da kika haɗa da su za su koma bayan masu laifin. Takardar sunayen masu surutu da monita ke rubutawa ma kada ki yanke hukunci da ita ido rufe, don ƙawarta ba ta cika shiga ba. Mai yawan makara kuwa, ki tambaye ta dalili a keɓe kafin komai. Dokar ba za ta canza ba, amma wadda ke raka ƙannenta firamare kafin ta taho da wadda ke tsayawa hira a bakin ƙofa ba magani ɗaya suke buƙata ba.

Ranar da za ki fara, ki tsaya a gabansu ki faɗa musu kai tsaye: "Daga yau ba zan ƙara cire wa kowa maki saboda surutu ba, wanda na cire kuma zan mayar. Ba zan ƙara wa kowa ko rabin maki da ba ta ci ba. Bulala na ajiye ta. Ga dokokina, ga abin da zai biyo bayan karya su." Ki mayar da makin da gaske, su gani a takarda.

Yarinyar da kika zane, kada ki jira ta huce da kanta. Ki kira ta ita kaɗai, ba a ofishin malamai ba inda idanu suke. Ki ce mata hirar da ta yi laifi ce, amma dukan bai kamata ba, kin kuma yi kewar tambayoyinta. Wannan ba zai rage miki girma ba. Kada ki matsa mata ta saki fuska nan take. Bayan kwana biyu ki jefa mata tambayar da kin san za ta iya, ki wuce kamar ba komai.

Uwar da ta zo roƙo, ki karɓe ta da mutunci, ki ba ta wurin zama, ki ɗauko takardar 'yarta ku duba tare. Ki ce: "Mama, in na ƙara mata a nan, wa zai ƙara mata a NECO? Ga wurare biyu da take faɗuwa. Ki sama mata rabin awa kullum bayan Magariba ba aike ba wanke-wanke, ni kuma zan riƙa duba littafinta duk mako." Yawancin iyaye ba lambar suke so ba, tsoro ne ya kawo su, in suka ga hanya suna bi. In ta zo da wani abu a leda, ki yi godiya ki mayar cikin ladabi.

Mataimakiyar shugaba kuwa, a wannan karon tana da ƙafar tsayawa, tunda ke da kanki kin san gwajin farko an gina shi ne don a faɗi. Ki same ta a ofis da takardun a hannu, ki ce: "Ranki ya daɗe, na duba. Gwajin farko ya wuce abin da na koyar, ina neman izini in soke shi, in yi musu bitar mako biyu, in sake wani a kan ma'aunin WAEC. Abin da kowa ta ci a nan shi zan shigar." Kin ba ta hanyar rage faɗuwa wadda ba ƙarya a cikinta. Ita ma akwai masu tambayarta daga sama, ki fahimci hakan. In bayan an sake ta ce lallai a taɓa lambobi, ki ce mata cikin ladabi hannunki ba zai iya ba, ki ajiye kwafin takardar makinki, kada ki kai maganar teburin hira. Babbar malamar ma kada ki yanke gaisuwa da ita ko ki tsaya musu. Ki gode mata, ki ɗauki gaskiyar da ta faɗa, ki yi aikinki.

Ki sa a ranki cewa mako biyu ko uku na farko surutu zai ɗan dawo. Sun ga fuskarki biyu a cikin shekara ɗaya, dole su gwada ko ta ukun za ta zauna. A nan ne za ki ji hannunki yana neman bulala, ko zuciyarki tana cewa ki kyale su kawai, kuma a nan ne za ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ko sau goma ne a darasi guda. A kusan kowace makaranta akwai malami ko malama da ajinsu ke natsuwa ba a taɓa ganin su da bulala ba. Ki tambayi ɗalibai, sun san su. Ki nemi izini ki zauna a bayan ajin darasi biyu ko uku, ki lura da abin da ake yi a minti biyar na farko, da yadda ake tsayar da mai hira ba tare da an tsayar da darasi ba.

Allah Ya yi miki jagora, Ya ba yaran nasara a kwalifayin da abin da ke bayanta.